Ranar da aka ce ka tashi ka gabatar da kanka

Na Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya a taron ƙungiyar ci gaban unguwarmu aka ce sababbi su tashi su gabatar da kansu. Na faɗi sunana da na mahaifina na zauna, ko ɗago kai ba wanda ya yi. Wanda ya biyo bayana kuwa cewa ya yi tun yana ɗan shekara tara yayansa ke riƙe masa hannu zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Kafin ya rufe baki ɗaki ya ɗauka da kirarin ƙungiyar ƙwallon Kano Pillars, "Sai masu gida!" Abin ya tsaya min a rai. Ku yaya kuka yi a irin wannan rana?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Ni tawa a gareji aka yi ta. Ina ɗan shekara 14 kawuna ya kai ni koyon aiki. Maigidan yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, ya ce, "Yaro, me ka sani a mota?" Na ce, "Baba, ban san komai ba, sai dai in Fijon mahaifina ta shigo lungu, da ƙararta nake gane ta." Sai ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya sa aka tayar da wata Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ya ce in saurara. Na kasa kunne, na ce tana ɗingishi, kamar numfashinta bai cika ba. Ashe fulogi ɗaya ne ya mutu cikin huɗun. Ya miƙo min sifana ya ce in riƙe. Sai da aka yi azahar sannan ya tambayi sunana. Allah ya ji ƙansa, har yau da kunne nake fara duba mota kafin na jona mata kwamfuta.

Malamar jinya, Dala: Amin, yayana. Ni ranar farko a makarantar koyon jinya, malama ta ce kowa ta faɗi abin da ya kawo ta. Na ba da labarin ƙanina da gudawa ta kusa ɗaukewa yana goye, idanu sun faɗa, maɗiga ta loɓa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cokali-cokali ta riƙa ɗura masa har aka isa asibiti. Ban ƙarasa ba murya ta sarƙe. Da aka tashi, ɗalibai uku suka zo kowace da irin nata labarin. Ɗaya daga cikinsu ce aminiyata har gobe, shi kuma yaron yanzu ya fi ni tsayi.

Ɗan Fagge: Ni a sansanin masu bautar ƙasa ne, can kudu. Ina cewa daga Kano nake, wani ya ɗaga murya, "Ahmed Musa!" Na ce ai a gabanmu ya fara tashe a Pillars kafin ya tafi Turai, ya zo a gasar cin kofin duniya ya zura wa Ajantina biyu a 2014, Ayislan biyu a 2018. Na ƙara musu da kofin gasar ƙasa da Pillars ɗinmu ta ɗauka sau uku a jere, 2012 zuwa 2014. Daga ranar ban ƙara cin abinci ni kaɗai ba.

Na Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, labarinki ya taɓa ni. A taro na gaba zan gaya musu cewa ni ɗan kallon dambe ne, kuma in aka saki kalangu a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari tsigar jikina tashi take. Malam bakanike, tawa motar takan yi wani ƙugi da safe kafin ta ɗau zafi, ranar Asabar zan kawo maka ita ka saurara.