Da wane fim zan fara cikin masu zane da kiɗa zalla?

Ɗalibar zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malaminmu ya ce mu kalli tsofaffin finafinan nan da babu mutum babu labari, sai layuka da launuka suna bin kiɗa. Ina zan kama?

Kawu mai kyamara: Wa alaikumussalam 'yata. Fara da Bajamushen nan Oskar Fischinger, ki nemi Studie Nr. 7 na 1931. Da gawayi ya zana shi a farar takarda, ɗaya bayan ɗaya, aka juya baƙi ya koma fari. Sai ki ga fararen siffofi suna shawagi cikin duhu, ba sa kuskure kiɗan Brahms ko da taku ɗaya.

Mai haɗa sauti: Kawu a gafarce ni, ni Len Lye ɗan New Zealand zan ba ta. Free Radicals, 1958. Ko kyamara bai ɗauka ba. Baƙin fim ya shimfiɗa ya dinga kartar sa da allura da makamantanta. Kiɗan kuwa gangunan Bagirmi ne na Chadi, kunnenki ba zai yi baƙunta ba.

Kawu mai kyamara: Ka ci wannan, ɗana. Amma ki kula da kwafin da za ki kalla. Na taɓa ɓata dare kan wani Fischinger a intanet, shuɗin ya koɗe kamar tsohuwar atamfa, kiɗa na gaba zane na baya. Nemi gyararrun da cibiyar Center for Visual Music ta Amurka ta fitar, musamman Komposition in Blau na 1935.

Ɗalibar zane: Kawu, gyaran me ake musu?

Kawu mai kyamara: Fim ɗin wancan zamani na naitiret ne, saurin kama wuta gare shi, in ya tsufa ya manne ya zama gari. Wanda ya gaje shi kuma sai ya fara warin tsami ya ƙanƙance. Dole a kwafe tun bai mutu ba.

Mai haɗa sauti: Abin da ke ba ni dariya, kwamfutar da ke share karce a tsohon fim, in ka sakar mata aikin Lye sai ta share fim ɗin kaf, ta bar maka baƙin allo da ganga. Dole mutum ya zauna ya tantance karcen mai zane da karcen tsufa.

Anti mai ɗinki: Kun manta Begone Dull Care na 1949, Norman McLaren da Evelyn Lambart, da fiyanon Oscar Peterson. Kyauta yake a shafin hukumar finafinai ta Kanada. Ƙanwata, sa abin kunne ki kashe fitila.

Ɗalibar zane: Na gode ƙwarai. Kawu kar ka ji haushi, da na gangunan zan fara.