Da Wanne Zan Fara, Zane da Kod ko Karatun Algoridim?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Na kwashe wata uku ina koyon yaren kod na Python, amma abin da ya jawo ni wannan fanni shi ne hotunan da nake gani ana haɗawa da kod, masu motsi waɗanda ba sa maimaita kansu. Wani ya ce mini kada in kuskura in taɓa zane sai na gama karatun algoridim, wato matakan da kod ke bi wajen warware matsala, wani kuma ya ce wannan karatun ɓata lokaci ne ga mai zane. Ina neman shawararku a kan da wanne zan fara, kuma da wane kayan aiki.

Malamar Zane: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka buɗe p5.js, kayan zane da kod na yaren JavaScript, a burauza yau ɗin nan, domin ba ya bukatar ka sauke komai, kuma layi biyar ya isa ka ga da'ira tana bin linzamin kwamfutarka.

Ɗan Python: Malama, tunda ya riga ya fara da Python, me zai sa mu tura shi JavaScript? Akwai turtle, wato kunkurun zane, a cikin Python ɗin da ke kwamfutarsa, kuma asalinsa daga Logo ne, yaren da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙira a 1967 domin yara su koyi tunani ta hanyar ba kunkuru umarnin ya yi gaba ko ya juya.

Malamar Zane: Kunkurun yana da kyau a makon farko, amma sunansa ya bi shi, domin tafiyarsa ma ta kunkuru ce. Wanda yake son hoto mai motsi sau 60 a daƙiƙa ɗaya zai gaji da shi tun kafin wata ya ƙare.

Injiniya: Ku yi mini haƙuri, zan ɗan tsawaita, domin wannan tambaya ta taɓo mini wani tsohon miki. Ni na bi shawarar farko da aka ba shi. Na biya kuɗin wani kwas na intanet, na shafe kusan wata takwas ina haddace hanyoyin jera lambobi da na bincike, ina warware tambayoyin jarrabawar neman aiki, kuma a duk tsawon lokacin ban zana ko layi ɗaya ba. Da na gama, ina iya rubuta hanyoyin jerawa guda huɗu da ka, amma ban san wurin da zan yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai sha'awar ta mutu na ajiye kod gaba ɗaya har shekara guda.

Abin da ya dawo da ni shi ne tsarin da Craig Reynolds ya fito da shi a 1986 na kwaikwayon tashin garken tsuntsaye. Dokoki uku ne kacal: kowane tsuntsu ya guji cin karo da maƙwabcinsa, ya fuskanci inda maƙwabtansa suka fuskanta, sannan ya matsa zuwa tsakiyarsu. Na rubuta shi a Processing, manhajar zane da kod da ke aiki da yaren Java, da tsuntsaye 100, ya yi kyau har na kasa barci don murna. Washegari na mayar da su 2,000, sai hoton ya riƙa ɗingishi kamar kwamfutar za ta mutu. Na zargi kwamfutar, na zargi Java, har na fara tunanin sayen sabuwa. Daga baya na zauna na yi lissafi, na ga cewa kowane tsuntsu yana auna nisansa da sauran duka, wato kusan awo miliyan 4 a hoto ɗaya, kuma idan ana son hoto 60 a daƙiƙa, ya zama kusan miliyan 240. Maganin shi ne a raba allon zuwa ƙananan gidaje kamar na dara, kowane tsuntsu ya duba gidansa da gidaje takwas da ke kewaye da shi kawai. A ranar na fahimci abin da kwas ɗin ya yi wata takwas yana faɗa mini game da yadda aiki yake ninkuwa idan bayanai suka ƙaru. Saboda haka shawarata, ƙanena, ka fara zane, ka bar zanen ya kai ka inda za ka bukaci algoridim da kanka.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Yaya Injiniya. Shin Processing da p5.js abu ɗaya ne?

Malamar Zane: 'Yan gida ɗaya ne. Casey Reas da Ben Fry ne suka fara Processing a 2001 a MIT, an gina shi a kan Java, daga baya Lauren McCarthy ta jagoranci samar da p5.js domin a yi irin wannan aiki a burauza. Sunayen umarninsu kusan ɗaya ne, don haka wanda ya iya ɗaya ba zai sha wahalar ɗayan ba.

Malamin Lissafi: Ina da ja a kan maganar Injiniya. Da bai yi wancan karatun na wata takwas ba, da bai san ma cewa ya kamata ya zauna ya ƙirga awon ba, da ya sayi sabuwar kwamfuta kawai. Ba na cewa a haddace komai, amma akwai abubuwan da ya kamata mai koyo ya sani tun da wuri. Misali, idan lambobi miliyan ɗaya suna jere bisa tsari, binciken da ke raba su biyu a kowane mataki yana gano wadda ake nema cikin mataki 20 ko ƙasa da haka, alhali mai bin su ɗaya bayan ɗaya zai iya yin mataki miliyan. Wanda ya ga wannan bambanci sau ɗaya ba zai sake kallon kod yadda yake kallonsa a da ba.

Injiniya: Malam, wannan darasi na yini ɗaya ne, ba na wata takwas ba.

Malamin Lissafi: A nan na yarda da kai. Kuma tunda an zo wurin, kalmar algoridim ɗin kanta daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta samo asali, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma shi bai taɓa ganin kwamfuta ba.

Ɗan Python: Da ya ga kwamfuta, ina da yaƙinin Python zai zaɓa.

Mai Gyaran Kod: Da kuwa ya wuni yana neman inda ya ƙara sarari ɗaya a farkon layi. Yaren da zai ƙi aiki saboda tazarar da ido ba ya gani bai kamata a riƙa yabonsa haka ba.

Ɗan Python: Wannan tazarar ce ta sa ake iya karanta kod ɗinmu bayan wata shida, Malam. Naka kuwa, wanda ka turo makon jiya, ni kaina sai da na nemi tabarau.

Shugabar Zaure: Don Allah a bar wannan gardama, an yi ta sau uku a wannan wata. Ina so in ƙara wani abu game da tarbiyyar masu kod, domin shi ne yake korar sababbi fiye da wahalar karatun. Ranar da na fara tura tambaya a wani zaure, amsar farko da na samu ita ce in je in karanta bayanin manhajar kafin in ɓata wa mutane lokaci, kuma na yi wata biyu ban sake tambaya ba. Amma laifin ba nasu kaɗai ba ne, domin hoton allo na tura, ban rubuto saƙon kuskuren ba, ban kuma faɗi abin da na gwada ba. Ƙanena, idan za ka yi tambaya, ka rage kod ɗin zuwa mafi ƙanƙantar abin da ke nuna matsalar, kuma ka koyi Git, manhajar adana sauye-sauyen kod, tun yanzu, domin a zanen kod sau da yawa kuskure ne yake haifar da hoton da ya fi kyau, kuma idan ba ka adana shi ba, gyara ɗaya zai shafe shi har abada.

Malamar Zane: Wannan ya taɓa faruwa da ni. Idan ka fara, ka gwada bambancin random da noise, umarni biyu masu fitar da lambobi masu canzawa, a p5.js. Na farko yana tsalle ba tsari, na biyu kuwa, wanda Ken Perlin ya ƙirƙira a farkon shekarun 1980, yana canzawa a hankali, shi ya sa ake yin gajimare da tsaunuka da hayaƙi da shi. Bayan haka ka rubuta wasan rayuwa na John Conway na 1970, inda gidajen jadawali ke rayuwa ko mutuwa bisa yawan maƙwabtansu masu rai, zai koya maka aiki da jadawalin gidaje ba tare da ka ji kana karatu ba.

Mai Gyaran Kod: Babu wanda ya ambaci manhajojin basirar na'ura, alhali kowa a nan yana amfani da su.

Malamin Lissafi: Su bayyana masa kuskure, na yarda, amma kada su rubuta masa aikin. Da Injiniya ya ba su tsuntsayensa, da sun gyara masa cikin minti ɗaya, kuma da yau ba shi da labarin da zai ba mu.

Sabon Shiga: Na buɗe p5.js kamar yadda Malama ta ce, da'irar tana bin linzamin, amma tana barin sawu a duk inda ta wuce har allon ya cika. Kuskure na yi?

Malamar Zane: Ka sa background, umarnin da ke share allo, a cikin setup mai gudana sau ɗaya ne maimakon draw mai maimaituwa, shi ya sa ba a share allon kafin kowane sabon hoto. Amma kafin ka gyara, ka adana wannan, sannan ka rage kaurin launin da'irar ka turo mana mu gani.