Funfuna a tumatirin gida: kowa ya faɗi abin da ya gani

Uwar gida, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Masu shuka tumatir a bayan ɗaki ko cikin buhu, mu haɗa abin da muka sani kan cututtukan funfuna da ke cinye shi. Don Allah a faɗi alama, a faɗi awo, ban da "a yi feshi" kawai.

Mai lambu, Argungu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wadda ta fi damunmu daga Yuli zuwa Satumba daga ganyen ƙasa take farawa. Za ki ga tabo ruwan ƙasa mai zobe cikin zobe, gefensa rawaya, sannan ganyen ya bushe, ciwon ya yi ta hawa sama. Malaman gona na ce mata Alternaria. Ƙwayarta na kwana cikin busasshen ganye da ƙasa, ruwan sama ne ke fantsamo ta. Don haka da zarar shuka ta kai gwiwa, a cire duk ganyen da ke taɓa ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga gindi, amma kar a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku a rana guda. A bari raɓa ta bushe tukuna, jiƙaƙƙen hannu shi ka yaɗa ta. Ganyen kuma a ƙone ko a binne nesa, kar a zuba cikin taki. Sai a shimfiɗa ɓuntun shinkafa kaurin yatsa biyu zuwa uku, a bar ɗan fili kewaye da kara. Mu dai ɓuntu bai yi mana wuya ba a Kabi.

Mai noman rani, Jega: Gaskiya ne, Malam. In ƙara da tazara: santimita 50 zuwa 60 tsakanin shuka. Na gida kan cusa biyar inda ya kamata a sa biyu, a kuma jingina su da katanga inda iska ba ta ratsawa, ganye ya wuni a jiƙe. A kafa sanda a ɗaure da tsumma. Ban ruwa da safe, a gindi, ba a watsa bisa ganye da marece ba.

Malamin gona mai ritaya, Zuru: Akwai wadda feshi ba ya taɓawa, kuma nan ake zubar da kuɗi. Shuka ta yi laushi da rana, ta farfaɗo da dare, ganye ya yi rawaya ta gefe ɗaya kawai. Ku yanke karan kusa da gindi ku tsaga shi a tsaye. In jijiyar cikin ta yi ruwan ƙasa, Fusarium ce, ta saiwa ta shiga ta toshe hanyar ruwa. Amma tana da 'yar kama, ta bakteriya, wadda ke kwantar da shuka tana kore shar. Ga yadda ake rabewa: a rataya guntun karan cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kar a motsa. Cikin 'yan mintuna in wani farin zare kamar hayaƙi ya fara sauka daga bakin yankan, bakteriya ce. Ko wacce ce dai, a tumɓuke da saiwa da ƙasar gindin. Wurin ya huta da tumatir, tattasai, attaruhu, gauta da yalo na aƙalla shekara 3, duk dangi ɗaya ne. Masara, albasa ko alayyafo su maye. Wajen iri, harafin F da ke jikin suna kamar Roma VF yana nufin yana jure Fusarium. Jurewa na ce, ba tsari ba.

Uwar gida, Birnin Kebbi: Baba, to mu masu buhu da bokiti fa? Ba mu da filin juyawa.

Malamin gona mai ritaya, Zuru: Ke naki ya fi sauƙi, 'yata: zubar da ƙasar, wanke bokitin da ruwan bilic, sa sabuwa. A huda gindi ruwa ya riƙa fita. In ƙasar ce kike son ceto, jiƙa ta sosai a watan Afrilu, shimfiɗa ta, rufe da farar leda mai haske, danne gefe da ƙasa, bar ta mako 4 zuwa 6 a rana. Baƙar leda ba ta dafa ƙasa kamar fara.

Mai reno, Yauri: A wurin reno, in 'ya'yan shuka suna sirancewa daidai bakin ƙasa suna faɗuwa rukuni-rukuni, yawan ruwa ne da cunkoso. A ɗaga fangalin, a shuka a layi, a rage inuwa da zarar sun tsiro. Ana cuɗa iri da ɗan maganin iri na Apron Star kafin shuka. Sannan ku duba gindin manya lokacin zafi da danshi: farin abu kamar auduga da 'yan ƙwayoyi kamar irin alayyafo, farare sannan su koma ruwan ƙasa. Waɗannan ƙwayoyin na shekaru cikin ƙasa. A kwashe da shebur, kar a girgiza.

Mai shagon maganin gona, Birnin Kebbi: Maganar awo. Maganin funfuna na Mancozeb mai kashi 80 galibi giram 2 zuwa 2.5 ne a lita ɗaya, wato kusan giram 40 a famfon goyo mai lita 16, amma abin da takardar jikin ya ce shi ne gaba. A auna sau ɗaya a sikeli, a yi wa murfi alama. Rigakafi ne, yana zama bisa ganye ya hana sabuwar ƙwaya tsira. Tabon da ya fito ba ya gogewa. Duk kwana 7 zuwa 10 da damina, a jiƙa bayan ganye, in ruwa mai ƙarfi ya wanke a maimaita. Ana musanya shi da maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe. Ridomil Gold da mutane ke rububi an fi yin shi don ciwon da ke son sanyi da danshi irin na Jos, ba kowane tabo ne nasa ba. A rufe hanci, a kori yara da kaji, a kirga kwanakin da takarda ta ce kafin tsinka.

Mai noman rani, Jega: Da hunturu kuma wata ce daban, ba ruwanta da ruwan sama: rawaya-rawaya a saman ganye, ka juya ka ga ɗan farin gari. Maganin farar wuta ke kama ta, amma a fesa da sanyin safiya ko marece. Zafi ya wuce digiri 32, ganyen zai ƙone.

Mai lambu, Argungu: Wasu na barbaɗa toka. Ni ban ga ta tsayar da tabo ba, in ta yi yawa ma ƙasar take ɓatawa. Hajiya, kar ki kuma ɓata magani kan tumatirin da gindin ɗansa ya yi baƙi ya loɓa. Wanga ba funfuna ba ne, ban ruwa ne yau da yawa gobe babu, sai kalsiyam ya kasa isa ga ɗan. Haka in kin ɗaga ganye ga rana kin ga faffaɗan fararen wurare da aka ƙwaƙule, da 'yar tsutsa a ciki, tsutsar Tuta ce, wadda ta yi ɓarna a 2016. Mancozeb ko buhu kika juye mata, ci take.