Ɗana na fari ya faɗo ajina, ku ba ni shawara

Antin Nazare, Kano

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa malamai. Ina koyar da ajin nazare na ɗaya a wata makarantar kuɗi a nan Kano, yara 'yan shekara uku. Da muka dawo hutu a watan Satumba ɗana na fari ya isa shiga, kuma aji ɗaya ne tal na sa'anninsa, wato nawa. Mai makaranta tana yi wa 'ya'yan malamai rangwame, ga shi adaidaita sahu ɗaya muke hawa, don haka maigida ya ce ba dalilin kai shi wani wuri.

To ga inda abin yake. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, Abba muke ce masa. Tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Kullum da safe ina kiran sunayen yara daga rajista, kowa ya amsa, in na zo kan nasa sai in tsallake. Na gwada cewa Abba, sai wani Abban da ke ajin ya riga shi amsawa. Ran nan a hanya ya ce da ni, "Umma, ni ba kya kirana." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Sauran yara Anti suke ce mini, shi kuwa Umma yake ƙwalawa, har wasu sun fara kwaikwayonsa. Akwai wata yarinya da ba ta daina kukan rabuwa da uwarta ba, in na ɗora ta a cinya sai ya zo ya riƙe mini hijabi yana cewa Ummansa ce. Lokacin tara ba ya buɗe kwandon abincinsa sai na zauna kusa da shi, alhali ina can ina buɗe wa wannan filas, ina wanke wa wancan hannu, nani ta kai wasu banɗaki. Makon jiya ya ciji wani yaro a hannu don ya jingina da ni. Uwar yaron ta yi kawaici, amma na ga fuskarta. A gida kuma ya koma fitsarin kwance, abin da ya daina tun bara.

Surukata ta ce in riƙa bar mata shi da safe har baɗi. Maigida ya ce zai saba. Ni kuma ina son aikina, ina kuma tausayin yaron. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Goggon Zariya

Wa'alaikumus salam 'yata. Na yi ritaya daga koyarwa a firamare, kuma 'ya'yana sun bi ta hannuna a aji, don haka na san zafin abin.

Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, da ita muka tashi, ban ce ki yar da ita ba. Amma ki tuna a da ba a barin uwa da ɗan farinta haka ido da ido. Ana yaye shi kaka ko goggo za ta ɗauke, a can zai sami mai kiran sunansa, mai yi masa wasa, mai goya shi a gaban kowa. Ke yanzu kunyar tana nan, mai ɗauke miki nauyin kuma babu. Shi yaron bai san alkunya ba. Abin da ya gani shi ne uwarsa tana kiran kowa ban da shi, tana rungumar kowa ban da shi. Cizon nan da fitsarin duk daga nan suka taso, ba rashin ji ba ne, kada a dake shi a kai.

Batun rajista mai sauƙi ne. Ki ba nani ta riƙa kira, ke kina sa alama. Ko ki yanka kwali, ki rubuta sunan kowane yaro ki zana masa wani abu, wannan kifi, wancan mota, in sun shigo kowa ya ɗauki nasa ya jefa a ƙwarya. Kafin zango ya ƙare za ki ga wasu sun fara gane harafin farko na sunansu, kin ga kin sami darasi a ciki.

Abin da ya fi muhimmanci yana gida. In kun dawo, kafin ki ɗora tukunya, kafin ma ki cire hijabi, ki zauna da shi a tabarma ku kaɗai. Ba sai kin daɗe ba. Ki tambaye shi me ya ci, wa ya yi wasa da shi, ko ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. A ɗaki ne, ba mai ganinki balle ki ji kunya. Yaron da ya tabbata yana da lokacinsa da ba mai raba shi da shi, yakan fi haƙurin ganin wani a cinyar uwarsa. Da safe kuma a bakin ƙofar makaranta ki gaya masa a fili, "Yanzu mun zo wurin Anti, in an tashi sai Umma." Kullum kalmomin su zama iri ɗaya.

Abban 'Yan Biyu

Malama, ki yi haƙuri, ni ta ɓangaren iyaye zan yi magana. Da ɗana aka ciza, aka ce mini ɗan malamar ajin ne, zuciyata ba za ta kwanta ba ko da kin fi kowa adalci. In kin hukunta shi a ce kin tsananta, in kin ƙyale a ce son kai. Me zai hana ki roƙi mai makaranta ku yi musanya da malamar nazare na biyu? Yaron na nan, rangwame na nan, amma wata ce a kansa. Sannan maigidanki ya shigo ciki. Wasu ranakun shi ya kawo yaron da kansa bayan kin riga kin iso, ya miƙa shi a ƙofa kamar yadda kowane uba yake yi. "Zai saba" ba ta isa ba.

Ma'aikaciyar Jinya

'Yar uwa, ƙarfe nawa yake kwanciya, ƙarfe nawa kuke tashinsa? Malamai sukan riga ɗalibai isa makaranta, ke nan ɗanki yana tashi kafin sa'anninsa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Ki lissafa ki gani. Yaron da barci bai ishe shi ba ya fi saurin kuka da kai hannu. In kuna jiran babansa ya dawo kasuwa kafin a kwanta, a riƙa kwantar da yaron bayan sallar isha'i.

Komawa fitsarin kwance yakan faru in rayuwar yaro ta canza, kuma a shekara uku ba abin tashin hankali ba ne. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ki kai shi ya yi fitsari kafin ya kwanta. Amma in yana kuka lokacin fitsari, ko da zazzaɓi, ko kin ga yana yawan shan ruwa da yawan fitsari fiye da da, ku je asibiti a gwada fitsarin.

Antin Nazare, Kano

Allah ya saka muku da alheri. Goggo, na yanka kwalayen jiya da daddare, shi ya zaɓi a zana masa rago. Na sami mai makaranta da maganar musanya, ta ce tsakiyar zango ne, yaran sun saba da ni, sai dai a duba a watan Janairu. Barcin kuwa gaskiya ne, sai goma ta wuce yake kwanciya. Abin da ya rage mini shi ne Hajiya surukata, tana jiran amsa, kuma ban san yadda zan ce mata a'a ba.

Goggon Zariya

Ba ke za ki faɗa mata ba, 'yata. Ɗanta ne zai je ya same ta. Ya ce mata yaron zai ci gaba da makaranta, amma duk Asabar za a kawo mata shi ya wuni. Ke naki ki shirya masa kayansa, ki haɗa mata da ɗan goro.