Bashin sidi 9,000 ya hana ni cin jibin Ubangiji

Maman Rahila, Aboabo:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Shekara 14 da aure ya kawo ni Kumasi daga Bawku. Ranar da na sauka ko yaren Tuwi na sayen ruwa ba na ji. Wata mama a majami'armu ce ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ita ta nuna mini lunguna na kasuwar Kejetia, ita ta tsaya mini wurin hajiyar da nake sarar wake da gero a hannunta. Da na haifi Rahila uwata ba ta samu zuwa ba, wannan mamar ce take tashi tun kafin asuba ta hura gawayi, ta dafa ruwa da ganyen dogon yaro, ta yi mini wanka har na yi arba'in. Zanen da ta goya Rahila da shi yana cikin akwatina har yau. Ta rasu, ni na wanke ta tare da 'ya'yanta mata.

A watan Yuni na 2022 ɗanta ya zo gidana da dare, ya durƙusa, ya ce Anti, saura sidi 9,000 in cika kuɗin pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, kafin Kirsimeti zan mayar. Kuɗin susu ne, wato adashe, da na tara don hayar ɗaki. Na ce in tura masa ta MoMo, wato ta waya, ya ce a'a, ga sabon harajin nan da aka fara cirewa tun watan Mayu, kashi 1.5, me ya sa za mu yi asara. Na ciro na ƙirga masa a hannu. Ba takarda, ba shaida.

Sau biyu ya kawo mini wani abu, 500 da 300. Daga nan shiru. Pragya tana kan hanya, ina ganinta da idona tsakanin Aboabo da Asawase. Shi ne mai ja mana waƙa ran Lahadi. A bikin godiya da ya wuce ya miƙe gaban jama'a ya yi alkawarin sidi 1,000, aka tafa masa, ni ina zaune a layi na uku.

Yanzu mai gidan da muke haya ya ce in kawo kuɗin shekara biyu ko in ba shi ɗakinsa. A cikin wannan hali fasto ya yi wa'azi a kan Matiyu 18, bawan da sarki ya yafe masa talanti dubu goma, shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari ɗari. Na ji kamar da ni ake. Tun ranar wata uku ke nan ban ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. In muna Addu'ar Ubangiji aka kai wurin gafara, bakina yana rufewa.

Gafara tana nufin in bar masa kuɗin ne? In na tambaye shi, ni ce mugun bawan nan?

Dattijo Yohanna, Asawase:
'Yata, sannu. Ɗauki Littafinki ki koma baya kaɗan a cikin surar da aka yi muku wa'azi, aya 15 zuwa 17. Kafin Yesu ya ba da misalin bawan, sai da ya shimfiɗa hanya: ki same shi ku biyu, in bai ji ba ki tafi da mutum ɗaya ko biyu, in bai ji ba a kai wa ikilisiya. Wanda ya karanta muku ƙarshen sura ya tsallake tsakiyarta bai gama aikinsa ba. Kuma ki duba da kyau, mutumin da aka shaƙe a misalin ya faɗi ƙasa yana roƙo, ba shi da shi ne. Naki yana da abin hawa a kan titi, yana alkawari a gaban bagade. Zabura 37:21 ta kira wanda yake ci bashi ya ƙi biya mugu. Ba ni na kira shi ba. Romawa 13:8 ta ce kada mu riƙe bashin kowa sai na ƙauna. Ki yafe ɓacin ran, wannan dole ne. Kuɗin kuwa haƙƙin 'ya'yanki ne, 1 Timoti 5:8, wadda ta ce mutum ya kula da iyalinsa, tana kanki. Shekara 22 ina zaman dattawa, irin wannan na raba ya fi a ƙirga. Tambaya ɗaya: kin taɓa zaunar da shi ki ce ina kuɗina?

Mama Saratu, Sawaba:
Ƙanwata, bar shi. Luka 6:35, ku ba da rance ba tare da sa zuciya ga a mayar ba, Ubangiji da bakinsa ya faɗa. Da maigidana ya rasu ƙannensa suka zo kafin a share makoki, suka kwashe injin niƙa biyu da babur, har katifa. Yara huɗu aka bar ni da su. Mutane suka ce in kai ƙara, na ce Allah yana gani. Koko da ƙosai na sayar har babbar ta gama makarantar jinya. Ɗaya daga cikinsu har yau in mun haɗu a jana'iza sai ya kawar da kai, ko gaisuwa babu, kamar ni na ci nasa. Injin nan ni na sayar da sarƙata aka cika kuɗinsa. Shekara 17 ke nan, in na ji ƙarar injin niƙa sai cikina ya juya. Amma na bar wa Allah. Uwar yaron nan ta yi miki abin da kuɗi ba ya saya.

Ishaya, Suame Magazine (unguwar makanikai):
Mama Saratu, da girmanki, amma irin wannan shirun ne ya sa ake cin mu. Ni na daina gyara wa 'yan majami'a mota bashi. Mutum ya kawo mota, ka sayi kaya da kuɗinka, ka kwana ƙarƙashinta, ya ce ɗan'uwa Allah ya sa albarka, ya tayar ya tafi. Littafina na bashi, rabin sunayen ciki da su nake zama ran Lahadi. Maƙwabcina Alhaji kuwa ko bawul ya karɓa, Juma'a ba ta wucewa bai biya ba.

Anti, 9,000 ɗin 2022 ba shi ne na yau ba. Lokacin da kika ba shi dala tana wajen sidi 8, kafin Nuwamba ta haura 13, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54. Ko yau ya biya kin riga kin yi asara. Ki tura masa saƙo a WhatsApp, ki ce yaushe zan sa ran ragowar 8,200 ɗin? Ya amsa kawai, kin samu shaida. Kotuna suna da sashen sasanci, ba lallai sai an tsaya gaban alƙali ba. Batun mai gida kuma, dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, ba shekara biyu ba. Akwai ofishin Rent Control, masu duba rikicin haya.

Dattijo Yohanna:
Ishaya, ɗana, ajiye maganar kotu. 1 Korintiyawa 6 a fili take, Bulus ya ce abin kunya ne ɗan'uwa ya kai ɗan'uwa gaban waɗanda ba na ikilisiya ba. Kuma haƙa wa mutum rami da saƙon waya ba halin 'ya'yan haske ba ne. Saratu, Luka 6 tana maganar maƙiya da zuciyar mai bayarwa, ba ta ba mai karɓa izinin cinyewa ba. Da Elisha ya cika wa gwauruwa tuluna da mai, me ya fara ce mata? Je ki sayar ki biya bashinki. 2 Sarakuna 4:7. Maman Rahila, ban ji amsata ba.

Maman Rahila:
Baba, na gode. Ban zaunar da shi ba, amma ya sani. Nakan ce masa yaya aiki, ya ce Anti muna fama. Ai mai hankali ya gane. Ba zan iya kallon idonsa in ce kuɗina ba, fuskar uwarsa ce sak. Batun dattawa kuma, kawunsa yana cikinsu, kuma matar kawun ita ce shugabar zumuntar mata. Za a ce baƙuwar da aka yi wa wankan jego ta tashi tona wa maraya asiri. Yaya Ishaya, in na kai mai gida Rent Control, ko na yi nasara a wane ɗaki zan kwana? Kowa a layinmu shekara biyu yake biya.

Lami, Tafo:
Anti, Baban Rahila me ya ce? Ban ga kin ambace shi ba.

Maman Rahila:
Bai sani ba. 4,000 a ciki nasa ne, ya ba ni in haɗa. Yana tsammani kuɗin suna wurin mai susu.

Dattijo Yohanna:
To. Ga inda ciwon yake, kin ɗaure wani wuri. 'Yata, ba yaron nan ne ya tsaya tsakaninki da teburin Ubangiji ba. Afisawa 4:25, a bar ƙarya, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya, balle mijin aure. Matiyu 5:23 da 24 ta ce in ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikonka ka je ku shirya tukuna. Mijinki ne yake da magana a kanki. Daren yau ki faɗa masa. Gobe ku je wurin yaron ku biyu, shi ne shaidarki. Kawunsa kuwa, in dattijon kirki ne shi zai fara ja masa kunne.

Lami:
Baba, a yi mata a hankali, taimako ta yi ba sata ba. Ni abin da yake damuna, duk masu cewa ta yafe ba wanda ya ce ga nawa. Da Bulus ya roƙi Filimon ya karɓi Unisimas, ai cewa ya yi in akwai bashi a ɗora a kaina, ni zan biya. Aya 18 da 19. In ikilisiya tana so a yafe wa mai waƙarta, ta ciro daga asusu. Ni ma da aka kwantar da mahaifiyata, baiko na musamman aka yi alkawari, har aka sallame ta ban ga sisi ba. Anti, 1 Korintiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa sannan ya ci. Ba ta ce ya gudu ba.

Mama Saratu:
Kada ki faɗa wa miji yanzu. Namiji da kuɗi, sai ki nemi gyara ki ɓata. Ki yi azumi kwana uku tukuna.

Maman Rahila:
Baba, ban yi masa ƙarya ba, bai tambaya ba ne. Kuma yana da hawan jini, gadin dare yake yi, ya dawo da safe in tare shi da wannan? Da yana gida daren da yaron ya zo, shi ma da ya ba shi, na san halinsa. Ni so nake a nuna mini yadda zan karɓi kuɗin cikin lumana in mayar wurinsu, ba tare da kowa ya ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dattijo Yohanna:
Wannan hanyar babu ita a Littafi. Na faɗa miki wadda take akwai.

Ishaya:
Anti, ba ni lambar pragyar kawai. Ƙarshenta Magazine za ta zo gyara.

Maman Rahila:
A'a Yaya Ishaya, don Allah kada a taɓa masa abin neman abinci, yana da jariri. Mai gida ya sake aiko yaronsa da yamman nan, ya ce ƙarshen wata. Gobe akwai jibi, kuma shi ne zai ja waƙa. Na goge kayan Rahila da na ƙannenta, nawa suna kan igiya ban ɗauko ba.