Bushewar baki bayan ɗaukewar al'ada: abin da mata suka tattauna

A wata hira da mata suka yi kan ɗaukewar al'ada, koken da ya fi yawa shi ne bushewar baki, har tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke wurin ta ce idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, estrojin, wato sinadarin jikin mace da ke daidaita al'ada, yana raguwa, miyau kan ragu a wurin wasu matan. Miyau kuwa shi ke wanke ragowar abinci, yana kuma rage tsamin da ke cin haƙori. In ya yi ƙaranci sai kogon haƙori, warin baki da jinin dasashi su biyo baya. Wasu har harshensu ke yin raɗaɗi ba tare da ciwo a fili ba.

An ba da shawarar kurɓar ruwa akai-akai, musamman da hunturu, da tauna cingam marar sukari. A goge baki safe da dare da man da ke da fulorayid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ko da ana yin asuwaki. A rage goro da shayi, a guji tsotsar alewa don jiƙa baki, domin ita ke ƙara lalata haƙori. Nono da ƙananan kifi suna taimakon ƙashin muƙamuƙi.

Gargaɗin da na fi so a riƙe: kada a ɗora komai a kan shekaru. Ciwon suga da wasu magungunan hawan jini suna busar da baki. Kada a daina shan magani, a faɗa wa likita, a kuma je wurin likitan haƙori tun haƙorin bai fara girgiza ba.