Muhawara: Shin hutar da tayoyin gaba na tsohuwar Land Cruiser yana rage shan mai?

Mai motar, daga Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan wata magana da aka faɗa mini a gareji jiya, wadda har yanzu hankalina bai kwanta da ita ba. Ina da Land Cruiser samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin fetur na lita 4.5, irin wadda tayoyinta huɗu ke ja a kowane lokaci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, motar ta zama ta ajiya, ba na fita da ita sai idan zan je gona a wajen Kujama, domin tankinta lita 95 yake ci, kuma cika shi yanzu sai an yi shawara da aljihu. Mai gyaran ya ce idan aka mayar da ita mai ja da tayoyin baya kaɗai, na gaba kuma sai an buƙace su a haɗa, shan manta zai ragu ƙwarai, har na manta cewa babbar mota nake tuƙawa. Shin gaskiya ne, ko dai aiki yake nema?

Bakanike, daga Panteka:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba ƙarya aka yi maka ba, kuma aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. A cikin akwatin ogzilari, wato akwatin giyar da ke kai ƙarfi ga tayoyi huɗu, akwai dif na tsakiya, wanda ke raba ƙarfin injin tsakanin gaba da baya. Shi ake cirewa a sa dunƙulallen ƙarfe a madadinsa, ta yadda farfelar baya, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga akwatin zuwa tayoyin baya, ita kaɗai za ta riƙa karɓar ƙarfi, sai an kulle sannan ta gaba ta shiga. A tayoyin gaba kuma a cire murfin da ya haɗa taya da shaf, a ɗaura hob mai makulli, irin na Aisin ko AVM, wanda ake murɗawa da hannu. Idan ka buɗe hob ɗin, shaf biyu na gaba da dif na gaba da farfelar gaba duk sun daina juyawa. To, ƙarfen da injin ya daina wahalar juyawa, ai mai ne ya rage maka a tanki.

Malamin fasaha, daga Tudun Wada:
Bayanin aikin daidai ne, Maigida, amma a kan sakamakonsa ne nake da ja. Abin da ke shanye man wannan mota ba shaf ɗin gaba ba ne. Mota ce da ta haura tan biyu tun kafin a ɗora mata buhu ko ɗaya, ƙirjinta kamar bango yake a gaban iska, injinta kuma silinda shida ne da aka ƙera domin ja, ba domin tattali ba. Wannan nauyi da wannan tsayi suna nan daram bayan an gama aikin. Ƙarfin da ake asara wajen juya ƙarafan gaba yana nan, ban musa ba, amma ɗan ƙanƙane ne idan aka gwada shi da sauran, ta yadda tayar da ba ta da isasshiyar iska, ko birkin da ke kamawa, ko tsofaffin fulogi, za su iya cinye abin da aka samu har da ƙari. Wanda ya ce wa Alhaji zai manta da girman motarsa ya zuzuta magana, kuma kuɗin kayan da na aiki sai an yi doguwar tafiya kafin su dawo ta hanyar mai, a motar da ma ba kullum take fita ba.

Tsohon direba, daga Kawo:
Ni abin da ke damuna ba mai ba ne, ɗana. Na shekara da yawa ina tuƙa irin wannan mota tsakanin Kaduna da Saminaka, kuma na san ranar da take nuna darajarta: ranar da ruwan Agusta ya sauka a kan kwaltar da ta sha baƙin man manyan motoci, ka shiga kwana, ka ji ta manne da ƙasa kamar an ɗinke ta. Wannan riƙo daga tayoyi huɗun nan yake zuwa, tare da dif na tsakiya da ke barin gaba da baya su juya gwargwadon abin da kwanar ta nema. Idan aka cire shi, zaɓi biyu kawai ya rage maka: ko baya kaɗai, ko gaba da baya a kulle tamau. Na biyun kuwa ba a hawa busasshiyar kwalta da shi, domin ƙarafan za su murɗe wa juna, tayoyi su riƙa kuka a kwana, wata rana wani abu ya karye. Ka ga an ɗauke maka abin da ya fi amfani a kan titi, inda motar ke yin mafi yawan tafiyarta.

Bakanike:
Baba, da girmamawa, idan haka ne da Hilux da Land Cruiser samfurin 70 sun ƙare a rami, alhali da baya suke ja sai an sa musu ogzilari, kuma su ne suka cika hanyar Kachiya da ta Birnin Gwari. Kai, ita kanta samfurin 80 ɗin, kamfanin Toyota ya fitar da wasu daga masana'anta da hob mai makulli, musamman masu injin gas na 1HZ. Saboda haka ba bidi'a muka ƙirƙiro ba.

Shi kuma Malam, na yarda ragin man ba zai kai yadda aka kwatanta wa Alhaji ba, amma ku zo gareji ku ga abin da muke gani. Motar da aka daina ƙerawa tun 1997, yawancinsu kan shaf ɗinsu na gaba, wanda ake kira Birfield, ya riga ya gaji. Za ka ji yana ƙas-ƙas idan an karya sitiyari, idan ka leƙa bayan tayar kuma ka tarar da giris ya haɗe da man dif ya zama kamar kunu yana ɗiga, domin sil ɗin da ke raba su ya mutu. Ga kuma bugun da take yi duk lokacin da aka saki totur aka sake takawa, saboda wasan da ya taru a haƙoran giya daga gaba har baya. Idan aka hutar da gaban, wannan bugu yana raguwa, sitiyari ya yi sauƙi, kan shaf ɗin kuma ya daɗe bai nemi kuɗi ba. Mai ganin asalin kayan nan a kasuwa ya san ba a samunsu da araha.

Malamin fasaha:
Yanzu ka zo inda za mu iya fahimtar juna, domin wannan hujja ta fi ta mai ƙarfi. Sai dai a faɗa wa Alhaji sauran. Ƙarfin da ake rabawa gida biyu zai koma kan dif na baya da farfelar baya su kaɗai, su ma kuwa shekarunsu ɗaya da na gaban, kuma tayoyin baya za su riƙa cinyewa da wuri. Na biyu, idan motarsa mai ABS ce, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, zoben da na'urar ke karanta gudun tayar gaba da shi a jikin kan shaf yake, to da zarar an buɗe hob zoben ya tsaya cak alhali taya na gudu, sai fitila ta kama, tsarin ya daina aiki yadda ya kamata. Ƙirar shekarun nan kuma da yawa suna da wani kulli mai kaurin ruwa da ke haɗa gaba da baya a cikin akwatin ogzilari, wanda dole a cire shi, wasu ma ba su da maɓallin kulle dif sai an sa musu. Sannan gaban da aka hutar yana bukatar a riƙa kulle hob lokaci-lokaci a yi 'yar tafiya, domin mai ya zagaya ƙarafan kada su yi tsatsa. Amurkawa sun bi wannan hanya bayan tsadar mai ta 1973, lokacin da suka riƙa sauya motocin Chevrolet da Ford da Dodge masu akwatin ogzilari samfurin NP203, kuma matsalar rashin zagayawar mai a cikin akwatin ita ce ta sa aka riƙa ba su wannan shawara.

Manomi, daga Mararraban Rido:
Ku bar ni in ba da nawa labarin, ko da zai jawo mini dariya. Tawa ƙirar 1991 ce, kuma na ga kuɗin kayan sun yi mini yawa, sai wani yaron gareji ya ce a kwance farfelar gaba kawai a danna maɓallin kulle dif, an gama. Kafin ya danna maɓallin, na sa giya na taka totur, injin na ta ruri, mota ko motsi, domin ƙarfin duka ya zurare ta inda babu abin riƙewa. Da aka kulle ta tafi lafiya, na yi rani guda ina yabon dabarata. Da damina ta kankama, na shiga hanyar gona da taki buhu goma sha biyu, tayoyin baya suka nutse a taɓo har gindi, na gaba kuwa suna tsaye a kan tudu suna kallona, farfelar da za ta cece ni tana jingine a bayan ɗaki a gida. Tarakta ce ta fitar da ni bayan magariba. Game da mai kuma, gaskiya ban auna ba kafin a kwance, saboda haka ba ni da bakin cewa ya ragu.

Mai motar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na leƙa yanzu, tawa tana da ABS, kuma bayan tayar hagu ta gaba akwai irin kunun da Maigida ya kwatanta. Abin da na yanke shi ne, ranar Asabar zan cika tanki har baki, in je Zariya in dawo, in sake cikawa a famfo ɗaya in rubuta lita da kilomita. Bayan an canza fulogi an duba birki da iskar tayoyi zan maimaita. Maigida, nawa ne aikin wanke kan shaf da canza sil na ɓangare biyu, ba tare da an taɓa akwatin ogzilari ba?

Bakanike:
Sai na buɗe na gani, Alhaji, domin idan ya riga ya fara ƙas-ƙas, giris ba zai mayar da ƙarfen da ya cinye ba. Ka kawo ta da safe kafin rana ta yi, kuma ka zo da takardar awon naka. Idan ka ji kuɗin sabon kan shaf guda biyu na asali, za mu sake zama a kan maganar hob.